Allunan Baba Garba

A da, in Allah ya kuɓutar da direban tasi daga haɗari, kwalin dabino yake kawowa masallaci. Har yanzu haka ake yi a unguwarmu ta Soundview, sai dai babu sauran mai shigowa da katako a hammata kamar marigayi Baba Garba.

Tare da shi muka gano al'adar allon. Muna samari muka yi aiki a jirgin ruwa, ya sauke mu a wani ƙauyen masunta a Japan. A bakin teku akwai ɗakin bautarsu, da jar ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango. Na shiga coci a Marseille, na leƙa wurin ibadar Hindu a Mombasa, amma wannan daban ne: duk masuncin da ya tsira daga guguwa sai ya sa a zana jirginsa a allo, a rataye a ciki. Wasu allunan tun na kakanni ne, fentin ya koɗe.

A bakin ƙofar akwai kwamin ruwa da ludayi. Garba ya ce, "Ashe Musulmi ne!" Ya tuɓe takalmi ya yi alwala har ƙafa. Ni ma na bi shi.

Da ya zama direba a nan, duk motar da ta tsira da shi daga haɗari sai ya zana ta a allo. Shi kuwa ɗan masuntan Yawuri ne, motocin duk kamar kwale-kwale suke fitowa. Na ce, "Garba, ina tayoyin?"

Ya ce, "Suna cikin ruwa."

Wata Juma'a ya zo masallaci da allo da ƙusa. Liman ya ce, "Baba, wannan al'adar ina ce?"

"Ta masu godiya. Tambayi na'ibinka, Alhaji Sani. Tare muka yi alwala a wurin."

Sahu ya juyo kaina. Liman ya ce, "Wane wuri, Alhaji?"

Na sunkuyar da kai. "Wani gidan tarihi ne."

"Wane gidan tarihi?" in ji Garba. "Ka manta gunkin nan mai rungume da kifi? Kai ma ka ja mana la'asar a gindin ƙofar, har mutanen ƙauyen suna ɗaukar mu hoto."

Allon dai bai hau bango ba, ya koma da abinsa gida yana mita.

Allah ya jiƙan Garba, ya haskaka kabarinsa. Bai taɓa tsallake wata masifa ya manta da godiya ba. Ni kuwa tun daga ranar, ko liman ya yi tafiya, ba a sake tura ni gaba ba.