Yaya Kar-a-taka da Bikin Auta

Yayana ma'aikaci ne a gandun shaƙatawa na jiharmu, kuma idan ka je can ka nemi shi da sunansa na gaskiya babu wanda zai gane wa kake nufi. Ka ce Kar-a-taka, ko mai gadin ƙofa zai nuna maka inda yake. 'Yan makaranta ne suka laƙaba masa sunan tun yana da baƙin gashi, don da wuya ya buɗe baki ba maganar nan ce ta fito ba. Ni dai Yaya nake ce masa, har a ranakun da nake jin kamar in shaƙe shi, kuma ranakun suna da yawa.

Yana saurayi ya shiga aikin, lokacin wurin bai wuce tafki da ƙaya da wani fage mai tsakuwa ba. Shara aka ɗauke shi ya yi, sauran shi ya jajibo wa kansa. Ya dinga kwaso ciyawa a baro yana dasawa tsiro-tsiro, yana ban ruwa da bokiti tun kafin a ja famfo, har fagen nan ya zama koren filin da yau ake rububin yin taro a kansa. Nan ake tashin masu tseren gudu, nan malamai ke sauke yara idan an fito yawon buɗe ido, nan iyalai ke baza tabarmi da kuloli ranar hutu. Kowa na yabon filin. Ban taɓa jin mai yabon Yaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya zauna da iyalinsa, ya kai loma baki ke nan, sai ga dattijo a kansa da usur a wuya da igiya a kafaɗa, wai a ɗan matsa, ciyawar nan jiya aka dasa ta.

Gidansa kuwa ko fulawa ɗaya babu. Marigayiya matarsa takan ce ya fi sanin ranar da ciyawa ta sha ruwa a kan ranar da yaransa za su koma makaranta. Da ta rasu, manyan sun riga sun kama gabansu, sai Auta ta rage. Rabin rainonta a hannuna aka yi, rabi a kan wani bencin siminti da ke bakin filin, inda take zama bayan an tashi makaranta tana aikin gida tana kallon 'ya'yan mutane suna birgima a ciyawa. Ita ba ta shiga. Ubanta ya ce ƙafafun baƙi ma sun ishi filin, ba sai na gida sun ƙara ba. Shi kansa ba ya ratsawa sai da aiki a hannunsa. In wucewa ce kawai, hanyar dabe yake bi, wadda ta kewaya ta bayan itatuwa.

Akwai wata al'ada a wurin aikin nasu: duk wanda zai ajiye aiki, ana ba shi filin na yini guda ya yi abin da ya ga dama. Yawancinsu walimar bankwana suke yi. Da lokacin Yaya ya zo, ya yi daidai da auren Auta, sai ya ce ya ba ta ranarsa. Wallahi sai da na sake tambayarsa, don na ɗauka kunnena ne.

Auta ta zo gidana da daddare tana dariya tana share hawaye. Mijin da za ta aura a wata ƙasa mai nisa yake aiki, kuma daga wurin liyafar za su kama hanyar filin jirgi. Ta ce, "Gwaggo, ni fa ba ciyawar ce ta dame ni ba. So nake ranar nan Baba ya zauna kusa da ni a kujera kamar uban kowa, in zan tafi ya sa mini albarka ina kallon fuskarsa."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko ɗaure shi ne zan yi a kujerar.

Ana saura 'yan kwanaki, masu kafa rumfa suka zo auna wuri, na bi su. Me za mu gani a tsakiyar filin, daidai inda aka tsara rumfar amarya? Turaku da igiya, an kewaye wuri kamar faɗin ɗaki. Yaya na tsugune a gefe. A ciki wata tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu, irin masu yin ƙwai a ƙasa, ta kwanta a kan ƙwayayenta tana hararar mu kamar mun zo cin bashin kakanta.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ki rage murya. Sun daɗe ba su yi ƙwai a nan ba."

"Gandun nan duk faɗinsa, ka ɗauke mata su ka kai bakin tafki mana."

"In an taɓa, ba za ta koma kansu ba."

Na tafi ofishin Manaja raina a ɓace. Mutumin kirki ne, ya taso da kansa ya zo ya duba. Ya ce, "Baba, ka yi daidai, a bar igiyar. A matsar da rumfar gefe, ni kuma zan sa ma'aikaci ya tsaya a nan ranar. Kai ka je ka zauna da 'yarka." Magana ta ƙare ke nan a wurin duk mai hankali. Yaya ya gyaɗa kai ya ce to. Na san wannan "to" ɗin tun muna yara, haka yake yi wa mahaifiyarmu kafin ya je ya yi abin da ya yi niyya.

Ranar ta zo, filin ya yi kyau har na manta haushina. An kafa rumfuna, an jera kujeru, tafki na ƙyalli a baya. Auta ta sauko daga mota, ta tsaya a bakin ciyawar, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, sannan ta shiga. Ni kaɗai na san dalili, sai na juya kai na yi kamar ina gyara ɗankwali. Yaya ya zo cikin sababbin kayan da na ɗinka masa, ya zauna a kujerar da ke damanta. Na duba wuyansa, babu usur. Na gode wa Allah.

Ashe a aljihu yake. Ba a gama addu'ar buɗe taro ba, wasu yara daga dangin ango suka fito da ƙwallo. Ma'aikacin da aka sa gadi ya juya yana amsa waya. Ƙwallon ta gangara ta wuce ta ƙarƙashin igiya, tsuntsuwar ta tashi sama tana ihu. Kafin in miƙa hannu in riƙe rigarsa, kujerar ta zama wayam.

Na ce yanzu zai dawo. Aka ci abinci bai dawo ba. Mai gabatarwa ya kira uban amarya a lasifika ya zo ya yi jawabi, sai ƙarar usur ta amsa masa daga tsakiyar fili, mutane suka kwashe da dariya. Ya sallami ma'aikacin, ya kafa kansa a bakin igiya, ya ba rumfar baya saboda ta can yaran suke. Duk hoton da aka ɗauka ranar, in ka duba can nesa, za ka ga ƙeyar Yaya. Na je na same shi ya fi a ƙirga. Na lallaɓa, na yi faɗa, na haɗa shi da girman marigayiya. Amsarsa ɗaya ce: "Ina zuwa, bari yaran nan su gaji." Yaran da suka ƙoshi da abincin biki, yaushe za su gaji?

Auta ta yi murmushi ga duk wanda ya zo gaishe ta, ta ɗora jakarta a kan kujerar da ke damanta don kada wani ya zauna. Wannan jakar ta fi komai ƙona mini rai.

Da rana ta yi sanyi, dangin ango suka fara duba agogo, jirgi ba ya jiran kowa. Aka raka amarya wurin ajiye motoci da ke ɗaya gefen filin. Ta shiga ta zauna, ta bar ƙofar a buɗe, ƙafarta ɗaya a waje. Ta ce, "Gwaggo, ki ce masa ina jira."

Na tattare zanina na ratsa filin da gwiwoyin nan nawa masu ciwo. Na ce, "Yaya, yarinyar nan tafiya za ta yi. Ba ka san ranar da za ka sake ganinta ba. In ba ka taso yanzu ba, ni da kai har abada."

Ya kalli motar, ya kalli ƙwayayen. Ya ciro usur ɗin daga wuyansa ya rataya mini. "Tsaya mini a nan. Kar ki matsa."

Daga inda muke zuwa motar miƙe take, ko tsohuwa ba za ta yi nishi ba kafin ta isa. Filin kuma tun safe ɗaruruwan ƙafafu ke tattaka shi, da kujeru da ƙarafan rumfa. Amma wannan bawan Allah sai ya juya ya nufi hanyar dabe. Babu aiki a hannunsa, ka gane, wucewa ce kawai. Hanyar kuwa sai ta fara yin baya wajen tafki, ta shige cikin itatuwa, kafin ta kewayo wurin motoci. Sauri yake yi bakin ƙarfinsa, har yana haɗawa da gudu, abin da ban taɓa gani ba. Amma wanda ke zaune a mota abin da zai gani shi ne: an je an kira shi, ya juya baya ya yi tafiyarsa.

Na hango Auta ta janye ƙafarta ciki. Da hannunta ta ja ƙofar.

Na ɗaga hannuwa ina kaɗawa. Wayata na cikin jaka a rumfa. Na sa usur a baki na busa har kunnena ya toshe, babu wanda ya ko waiwayo, don tun safe suke jin ƙarar nan har ta zame musu kamar kukan tsuntsaye. Na watsar da igiyar da tsuntsuwar da kakanninta na ruga. Ko da na isa, motocin sun fita ƙofa sun hau titi.

Sai ga shi ya ɓullo daga cikin itatuwa, hula a hannu, sabuwar rigar ta jiƙe da gumi. Ya wuce ni ya je har bakin ƙofa ya tsaya. Na bi shi da maganganu cike da bakina, waɗanda na tara tun muna yara, na rasa da wacce zan fara.

Ya ce, "Ta ga na taso?"

Na ce, "Ta ga ka juya baya."

Mai gadi ya kawar da kai ya shige ɗakinsa. Can Yaya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Wa kika bar wa igiyar?"

Na ce, "Babu kowa."

Na jira ya juya da gudu, ina shirin in faɗa masa abin da ba za mu sake shiryawa ba. Bai juya ba. Daga cikin fili ana jin ihun yara da kukan tsuntsuwar, shi kuwa yana tsaye a bakin titi da hularsa a hannu, yana kallon inda motar ta sha kwana.