Hular Kwano da Shanun Fakku

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin da na gama makarantar 'yan mata a Sakkwato na dawo Tambuwal ina jiran a tura ni koyarwa, aka ba yayana babur. Malamin dabbobi ne na En'e, aikinsa yi wa shanu allurar ciwon bushiya, annobar nan mai ƙarar da garke, daga Kebbe har Fakku. Wanda ya riƙe aikin kafin shi, yashi ne ya kwashe masa taya a bakin wani rafi, kansa ya daki dutse, bai sake magana ba har ya cika. Shi ya sa Baturen dabbobi ya kafa doka: duk mai hawa babur ɗin En'e dole ya sa hular kwano, rigar fata, tabarau da takalmin da ke kaiwa gwiwa. Ragowar kayan soja ne da aka kwaso bayan yaƙi.

Na je wa matar wancan malamin ta'aziyya, na ga 'ya'yanta. Tun daga ranar na fi Baturen riƙe dokarsa. Ba wanda ya sa ni, ni na ɗora wa kaina goge kayan kullum in yayana ya dawo.

A nan na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Hanyar Kebbe jar ƙasa ce. Babur yakan dawo jajawur, fuskar yayana ja, har gashin idonsa. Rigar fata kuwa tas, kamar daga akwati. Na kai ta hanci, sai warin daddawa.

Na ce, "Yaya, an share hanyar Kebbe ne?"

Ya ce, "Mi kika gani?"

"Kai ka yi ja kamar sabuwar tukunya, rigarka ko ƙura ba ta taɓa ba."

"Fatar Ingila ce, ƙura ba ta kama ta."

"Daddawa fa? Ita tana kama ta?"

Ya ajiye kofin ruwa. "Allah shi sa su tura ki makarantar nan da wuri, Malama, ki samu yaran da za ki tuhuma."

Ba abin da ban zarga ba. Na ce ko haya yake ba maharba. Na ce ko ba ya zuwa aikin, wani wuri yake kwana da yini. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in fita batun babban mutum. Ban fita ba. Mai daddawa ɗaya na sani a kan hanyar Kebbe, wata tsohuwa a gidan ƙarshe na gari. Da hantsi na tafi, wai saye. Ina shiga sai ga rigar fata rataye a jikin rumbu, takalma a ƙasa, hular kwano kuwa kaza ta samu wurin zama.

Tsohuwar ba ta ko ji kunya ba. Ta ce, "Ajiya ta, ɗiyata. Nan shika tuɓe su da safe, shi sa riga da hula irin na mutane. In ya dawo shi mayar."

Wato kullum da kai tsirara yake bin hanyar da ta kashe wancan malamin.

Da ya dawo ban bari ya wanke ƙafa ba. Na ce ko ya sa kayan har inda za shi, ko in gaya wa Baba. In Baba ya yi shiru, na iya Turancin da zan gaya wa Bature da bakina.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya dube ni ya ce, "Gwaggo ta daɗe tana cigiyarki a Kebbe. Gobe ki shirya. Zan sa su duka, har tabarau. Amma ta Fakku za mu fara, ki gani da idonki."

Haka aka yi. Na zauna a baya, na ƙanƙame rigar fatar, ina jin kaina kamar wadda ta ci shari'a. Har muka hango ruga.

Ban taɓa ganin shanu sun tashi lokaci guda haka ba. Matasa suka kora su cikin daji da sanda da ihu. Mata suka saɓi yara, aka bar ƙwarya a kife, nono na bin ƙasa. Kafin yayana ya kashe babur, ba kowa sai wata dattijuwa da ƙafa ta hana ta gudu, tana zaune a bakin bukka ta riƙe taɓarya.

Yayana ya zare tabarau. "To, Malama. Ga dokarki. Rugar nan shekaranjiya munka yi alkawari. Bushiya na ƙetaren rafi, in sunka shiga can da shanun nan ba allura, ba wadda za ta dawo."

Raina ya ɓaci, da shi, da su, da Baturen. Na fizge hular daga kansa na nufi dattijuwar. Ta ɗaga taɓarya, na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Inna, ki dube shi da kyau. Ba shi ne malamin allura ba?"

Ta ƙura masa ido. "Wanga shi na. Wanda yaz zo yanzu ba shi na ba."

"Shi ne! Hula ce kawai."

"Masu irin hular ga sun zo lokacin yaƙi, sunka tafi da ɗan ƙanena. Har yau muna jira." Ta nuna tabarau da haɓa. "Mutum ya rufe idonai, ya rufe kai, ta ƙaƙa zan san mi ya kawo shi?"

Sai na miƙa mata hular. Ta ƙi taɓawa, na ajiye a gabanta, na gaya mata labarin malamin da ya faɗi a rafi. Ashe ta san shi, ya sha nonon shanunta. Ta ƙwanƙwasa hular da taɓarya, ta juya ta, ta leƙa ciki. Ta ce, "Da yana da wagga, da ya tashi?"

Na ce, "Allah ya sani. Amma ni ba ni son in je neman amsa a kan yayana."

Sannan ta miƙe da ƙyar ta yi wani kira mai tsawo da ban san tsohuwa na da muryarsa ba.

Sai bayan azahar suka dawo, ardo a gaba, yana tafe yana waiwaye. Bai yarda da mu nan take ba. Sai da ya sa yayana ya tuɓe rigar, ya laluba aljihunanta kaf. Daga nan ya yanke: malam ya zo da kansa a cikin kwano in yana so, amma ya tsaya can gindin tsamiya, ya cire, ya ƙaraso a ƙasa da fuska a buɗe. Shi kuma zai aika wa sauran rugage. Aka yi allura har rana ta yi sanyi. Gwaggo sai da magariba ta gan mu.

Har yau in an tambaye ni, ina nan a kan bakata: a tilasta sa kwano. Mutum ba ya sa abu mai zafi da nauyi don an roƙe shi, yayana ne shaidata. Abin da na ƙaru da shi kawai, mai kafa doka a ofis yakan ba mahayi kaya ya manta da waɗanda za su hango shi tafe.

Yayana bai taɓa faɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Duk lokacin da muka haɗu sai ya ce, "Malama, kin sa na yi zufar banza shekara da shekaru." Ba ni da hujjar da zan kayar da shi, kuma ba na nemanta. Nakan ce, "Ci gaba da gorinka, Yaya. Matar wancan malamin za ta so a ce mijinta na raye yana yi mata irinsa."