Yayata da Unguwar da Ta Rufe Mata Ƙofa

A shekarun da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Kontagora, ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyarmu da yayata a sashenmu na gidan gado tun bayan rasuwar mahaifinmu. Mutane sun san ni da sanyin hali. Ko a makaranta idan yara suka ishe ni, sai dai in fita in tsaya a baranda har raina ya huce. Na faɗi haka ne don masu karatu su san ba a haife ni da zafin da za su ji a rubutun nan ba, unguwarmu ce ta koya mini shi. Ba zan kama sunan kowa ba, amma waɗanda suka yi sun san kansu.

Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya gan mu tare sai ya ɗauka ni ce babba. An haife ta da larurar nan da likitoci ke kira Dawun sindirom. Gajeriya ce mai zagayayyiyar fuska da ƙananan idanu, harshenta da nauyi, sai wanda ya saba da ita yake gane maganarta. Karatu bai zauna mata ba, amma ban taɓa ganin mutumin da yake jin daɗin wayewar gari irinta ba. Da ta idar da sallah kusa da Inna, sai ta ɗauko kwalli da hoda ta zauna gaban madubi, ta ɗaura zane mafi haske a cikin kayanta, ta fita gaishe da maƙwabta gida gida. Idan aka tayar da injin niƙa na bakin layinmu, nan take za ta ajiye abin da ke hannunta ta fara rawa, mai injin yana dariya, mata masu jiran niƙa suna tafa mata. Ita ke ɓare mana gyaɗa, ita ke ninke wanki, kuma ba wanda ya isa ya taɓa ninkinta. Idan ni da Inna muka sami saɓani, sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan na Inna ta danne da nata, ba za ta saki ba sai mun yi dariya.

Amma abin da ta fi so a duniya jarirai. Babu sunan da ake yi a unguwar ba ta je ba. Duk jaririn da aka haifa "nawa" take ce masa. Matan layin su da kansu suke miƙa mata 'ya'yansu idan za su ɗora tukunya ko su shiga wanka, don sun san ko ƙuda ba za ta bari ya sauka a kansu ba. Yara da yawa da yanzu suka zama samari da 'yan mata a wannan layi, a bayanta suka yi barci. Ina so a riƙe wannan, saboda iyayen yaran nan su ne suka yi abin da zan faɗa.

An kawo wata amarya gidan da ke kallon namu, yarinya mai kirki daga Nasko, ba ta san kowa a gari ba. Yaya ce ƙawarta ta farko. Kullum tana can, suna tsince shinkafa, amaryar tana yi mata kitso. Da ciki ya fito, sai Yaya ta riƙa shafa shi tana yi wa abin da ke ciki hira, amaryar tana dariya tana cewa yaron zai fito ya riga ya san muryar uwarsa ta biyu. Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Sai dai tun a kwanakin farko aka ga jikinsa da laushi, ba ya kama nono sosai, idanunsa kuma irin na Yaya. Kafin ranar suna magana ta zaga unguwa cewa Yaya ce ta shafa masa. Mu ne na ƙarshe da muka ji.

Ranar suna da hantsi Yaya ta ci kwalliya, ta ɗauki sabulu da 'yar hular ulu da na saƙa mata don ta kai, ina biye da ita. Tsakar gidan cike da mata. Muna shiga uwar mijin ta miƙe daga kan tabarma ta tare mu. Ta dube ni ta ce, "Fitar mini da ita daga gida. Abin da ta yi wa jikana bai ishe ku ba?" Yaya ba ta fahimta ba, ta ci gaba da tafiya wajen ɗakin mai jego tana murmushi. Matar nan ta sa hannu biyu ta hankaɗa ta, ta faɗi a bakin rariya, zanenta ya jiƙe da ruwan wanke-wanke. Duk matan nan ba wadda ta motsa. Wasu ma sai suka janye 'ya'yansu jikinsu. Yaya ta tashi da ƙyar, ta tsinci sabulun, ta goge shi da gefen zanenta, ta miƙa wa matar da ta ture ta. Ta ce, "Na jariri ne." Ban san lokacin da na fara zagi ba. Na faɗa wa tsohuwar nan maganganun da ban taɓa faɗa wa ko sa'ata ba, kuma har yau ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Daga ranar unguwa ta juya mana. Yaya ta fita gaisuwarta ta safe kamar yadda ta saba, ta tarar da ƙofofi a sakaye. Tana bugawa tana sallama, tana jin motsinsu a ciki, ba mai amsawa. Mace mai ciki idan ta hango ta sai ta ja mayafi ta rufe cikinta ta tsallaka ɗaya gefen. Yaran da ta goya aka koya musu kiranta 'yar ruwa, suna binta suna jifa da ƙwallon mangwaro. Mai injin niƙa ya aiko a gaya mana mu hana ta zuwa, wai tana kore masa mata. Ni kuwa na zama mafaɗaciyar layi. Sai in dawo daga makaranta in tarar da ita da ƙulu a goshi, in ajiye jaka in bi gida gida ina neman wanda ya yi. Ba wanda ya taɓa cewa ɗansa ne. Na je asibiti na sami likita na tambaye shi, ya yi mini bayani cewa abu ne da ke faruwa tun lokacin da ake halittar yaro a ciki, ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko kallo ko zama tare, kuma kowace mace za ta iya haifa. Na dawo na faɗa wa duk wanda zai saurara. Suka ce boko ne ya ɓata ni.

Wanda ya fi ƙona mini rai Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan. Matar ɗansa tana da ciki a lokacin, a gida ɗaya muke. Wata rana bayan la'asar ya kira ni da Inna zaure, ya ce ya gama magana da wani mai magani a wani ƙauye gaba da Sahon Rami, za a kai Yaya can ta zauna. Na san irin wuraren nan, na san mari ake sa wa mutane a ƙafa a ɗaure su a turke. Inna ta sunkuyar da kai tana kuka, don ba ta taɓa yi wa dangin mijinta musu ba. Na ce, "Baffa, 'yar ɗan'uwanku ce. Me ta yi muku?" Ya ce ba zai zuba ido a lalata masa zuri'a ba, kuma ni ban yi girman da zan tsaya gabansa ba. Na ce in dai ina numfashi ba mai sa mata mari. Sai ya ce to mu zaɓa, ko ta tafi ita kaɗai, ko mu tattara mu bar masa gida. Gidan da mahaifinmu yake da rabo a ciki, gidan da aka haife mu. Muka tattara. Ranar da muke loda kaya a mota, mata suna leƙe ta katanga, ba wadda ta fito ta ce mana Allah ya kiyaye hanya.

Muka kama haya a bayan gari, ɗaki da rumfa, cikin mutanen da yawancinsu manoma ne. Watannin farko su ne mafi muni a rayuwata. Yaya ta daina kwalliya, ta daina magana, abinci sai an matsa mata. Takan zauna a bakin ƙofa da takalmanta a hannu tana kallon hanya. Idan ta ji kukan jariri a maƙwabta sai ta ɓoye hannuwanta a cikin zane. Wannan ɓoye hannun shi ne abin da ba zan taɓa yafe wa mutanen can ba. Sun sa ta yarda cewa akwai mugun abu a hannunta.

Wadda ta dawo mana da ita wata dattijuwa ce 'yar Kambari, Kirista, da muke katanga ɗaya da ita. Ta ji labarinmu tun kafin mu gama sauke kaya, don gari ba ya ɓoye irin wannan. Wata safiya ta shigo da jikanta a kafaɗa, ko gaisawa ba mu gama ba ta dire shi a cinyar Yaya, ta ce da irin Hausarta, "Riƙe mini shi, Yaya, hannuna da ƙullu." Ta juya ta fice abinta. Yaya ta dube ni a tsorace, kamar tana jiran a zo a ƙwace shi. Yaron ya kama mata ɗankunne yana ja. Sai na ji dariyar da na yi watanni ban ji ba. Inna ta shige ɗaki don kada a ga hawayenta.

Daga nan rayuwarta ta sake buɗewa, har ta fi ta da. Maƙwabta suka riƙa tafiya da ita gona lokacin cirar gyaɗa, ta dawo buɗu-buɗu da ƙasa tana ba mu labarin da rabinsa kawai muke ganewa. Bikin Musulmi da na Kirista duk nata ne, ita ce ta farko a filin rawa ita ce ta ƙarshe. Ranar Sallah ita ke kai tuwo gidajen maƙwabtanmu Kirista, ranar Kirsimeti ita ke shigo mana da shinkafa tana rangaji kamar ita ta dafa. Wata rana ma sai ga amaryar nan ta zo da yaronta a goye. Ashe mijin ya sake ta saboda ta ƙi yarda a kai yaron bakin ruwa a bar shi can, wai ɗan ruwa ne, ta koma gidan iyayenta. Ta ce ita ba ta taɓa yarda da maganar ba, ranar suna tana ɗaki tana jin komai, an hana ta fitowa. Ta kwance yaron ta ba Yaya da hannunta. Yaya ta rungume shi ta ce, "Nawa." Ya girma yanzu, yana zuwa makaranta a can wajen kakanninsa.

Yaya ta haura shekara arba'in kafin zuciyarta ta fara ba ta wahala. Ta riƙa haki idan ta yi 'yar tafiya, ƙafafunta suna kumbura. Mun yi ta zaryar asibiti, ma'aikatan jinya duk sun santa, don ko tana kan gado sai ta gaishe da kowa. Ta rasu wata Juma'a da rana, kanta a cinyar Inna. Mutanen da suka yi tururuwa ranar, Musulmi da Kirista, sai da layin ya toshe. Maza manoma suna kuka ba sa ɓoyewa.

Ana cikin zaman makoki sai ga matan tsohuwar unguwarmu sun shigo a jere, har da tsohuwar da ta ture ta, Baffa kuma yana waje kan tabarmar maza yana karɓar gaisuwa kamar shi ya riƙe ta. Tsohuwar ta zauna kusa da Inna tana matsar ido, tana cewa baiwar Allah ba ta da zunubi, 'yar aljanna ce, unguwa ta yi rashi. Na ce, "Yau kuka san haka? Da tana bugun ƙofofinku ai kuna ciki." Inna ta riƙe mini hannu ta ce in bari saboda mamaciya. Na bari, na tashi na fita.

Abin da na koya shi ne jahilci kaɗai ba ya sa mutum ya ture baiwar Allah cikin rariya. Maƙwabciyarmu ta bayan gari ba ta taɓa shiga aji ba, ba kuma likitan da ya yi mata bayani. Waɗancan sun san Yaya shekara da shekaru, sun ga 'ya'yansu sun tashi lafiya a bayanta, amma da suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, sai suka zaɓi wadda ba za ta iya kare kanta ba. Duk wanda Allah ya ba irin wannan yaro, kada ya kulle shi a ɗaki, kada ya bari wani dangi ya raba shi da shi, ko waye. Ku kai shi asibiti a duba zuciyarsa tun yana ƙarami, ku bar shi ya shiga mutane. Ku kuma maƙwabta, ku kula da abin da kuke koya wa 'ya'yanku su kira ɗan wani. In kuna da alheri ku yi masa yana raye yana gani, ba sai an shimfiɗa tabarmar makoki ba.

Inna kullum tana ce mini in yafe, wai Yaya da kanta ba ta riƙe kowa a rai ba, kuma gaskiya ne. Ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya. Idan na haɗu da su a kasuwa ina amsa gaisuwarsu saboda Inna. Amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta muku ƙarya ba.