Hasiya da Karyarta Barewa

Hasiya 'yar Takanamat ce, can arewacin Adar. Nan aka haife ta, nan ta auri Muktari, nan ta binne 'ya'ya biyu tun suna goye, ba ta ƙara haihuwa ba. Muktari ɗan cin rani ne kamar yawancin mazan garin: ana gama girbi ya nufi Abijan, sai damina ta dawo da shi. Wata shekara damina ta zo bai zo ba, ta bayanta ma haka. Abin da ya bar mata ɗaki ne, da rumbu, da awaki huɗu, da 'yar kwikwiya wadda abokinsa Rissa, wani Buzu makiyayi, ya ba shi.

Karyar irin ta Buzaye ce, doguwa, siririya, ja, gashinta kwance luf yana sheƙi kamar an shafa mai. Hasiya ta sa mata suna Barewa. Ba ta shiga ɗaki, ba ta sa baki a tukunya, wurinta gindin rumbu. Abin da Hasiya ta ci shi take ci: in fura ce a zuba mata a tsohon kasko a ƙara nonon akuya, in tuwo ne a yanko mata. Shekara shida suna haka. Mata na yi wa Hasiya dariya, wai tana hira da karya. Ita kuwa ba ta musu, don da gaske tana yi.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fidda kai. Awakin suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Yayanta Tanimu, mahauci a Tawa, ya aiko ta taho. Direba ya yi ta mita kan karyar, a ƙarshe dai aka ɗaure ta a bayan mota tsakanin buhuna.

A Tawa Tanimu ya sama mata aikin wankin kayan ciki a mahauta. Gidansa baki goma sha huɗu ne, tuwo ba ya kwana, nono kuma sai an saya. Amma guntayen huhu da kitse da saifa, waɗanda ake watsa wa angulu, ba mai hana ta kwasa.

"Ki riƙa kawo mata," in ji Tanimu. "Ai gaba ta ci. Kare ya samu nama, mi kuma yake nema?"

Rana ɗaya Barewa ta bar fura ta koma ɗanyen nama. Makon farko gudawa ta yi ta yi. Da gudawar ta tsaya sai susa ta zo, ta yini tana goga jikinta da katanga. Sheƙin nan ya dushe, wani farin gari kamar dusa ya riƙa zuba daga bayanta. Gashi ya fara tafiya daga kunnuwa, ya bi haƙarƙari, ya kai gindin wutsiya. Hasiya ta ɗauka rashin ƙoshi ne, ta ƙara mata nama. Ta wanke ta da ruwan ganyen dogon yaro, ta shafa mata toka. Wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, ya ce baƙin man inji ne magani, ta shafa. Kwana biyu fatar ta saɓule, ƙudaje suka samu wurin zama.

Ranar da Hasiya ta ja karyar zuwa wurin likitan dabbobi, mutane na kaucewa suna toshe hanci. Likitar wata matashiya ce, Samira. Ta sa safar hannu ta duba fatar, ta buɗe bakin karyar.

"Inna, mi take ci?"

Hasiya ta faɗa mata.

"Da can fa?"

"Fura da nono. Wani lokaci tuwo."

"Kuma rana ɗaya kika sauya mata?" Samira ta girgiza kai. "Cikinta bai saba ba, Inna. Kitse da huhu kaɗai ba sa riƙe jiki, ga tsutsa ta samu a ɗanyen naman. Da jikin ya yi rauni sai ƙazwa ta kama ta. Zan yi mata allura. Amma ki dafa naman, ki mai da mata hatsinta da nono. Gashin zai ɗau watanni, in ma ya dawo."

Hasiya ta koma gida tana jin kamar ita ta yi wa karyar asiri da hannunta. Ta fara raba furarta biyu. Sai dai furar mutum guda ce, ba ta ƙosar da kowa cikinsu ba.

Cikin kwanakin ne Muktari ya kira a wayar Tanimu, abin da yakan yi sau ɗaya ko biyu a shekara. Bayan gaisuwa ta ce masa Barewa ba lafiya.

"Wace Barewa?" in ji shi.

Ta miƙa wa Tanimu wayarsa.

Maƙwabta suka fara magana kan wari. Raƙiya, matar Tanimu, mace mai haƙuri, ta ga jikarta na susar hannu, hankalinta ya tashi. Tanimu ya sami ƙanwarsa a bakin murhu.

"Hasiya, ni na ce ki ba ta naman, ban manta ba. Amma gidan nan da yara."

"Na ji, Yaya," ta ce.

Ran kasuwa ta bi layin masu raƙuma tana tambaya har ta sami Rissa, Buzun nan abokin Muktari. Ya tsufa, rawaninsa ya koɗe. Ya tsuguna gaban karyar ya daɗe yana kallonta, ya faɗi wata magana da Buzanci wadda Hasiya ba ta ji ba.

"Akwai nono wajenmu," ya ce. "Zan tafi da ita. Amma ban yi miki alkawari ba."

Ta ba shi igiyar. Barewa ta tirje, sai da ya ɗauke ta cak ya aza a amalanke.

Bayan wata biyu wani mai sayar da cuku ya kawo saƙon Rissa: karyar ta sha nono, miyakun sun bushe, har gashi ya fara tsirowa a wuya, amma wata safiya ta tsinke igiya ta yi kudu. Sun bi sawunta har kusa da Affala, daga nan suka rasa shi.

Hasiya ta yi makonni tana duba bakin hanyar arewa in ta taso daga aiki. Daga baya ta daina. Tana nan a mahauta har yau, hannuwanta sun tsage saboda ruwa da kanwa, ba ta cika magana ba. Raƙiya ta ce tun lokacin ba ta ga ta ci nama ba, ko da Layya.