Zanen Murdo Gillies

A garin Ullapool na bakin teku babu wanda ya taɓa ganin Murdo Gillies da wando. Tun yana saurayi mai raba wasiƙu gida-gida kilt yake ɗaurawa, zanen maza mai tattara da ke tsayawa a gwiwa, na ulu, yadi takwas, ɗinkin hannu. A cikinsa ya yi aure, a cikinsa ya binne matarsa.

Bana yatsunsa suka ƙage. Maɗauran fata na ƙugu sun zame masa dambe, wani lokaci har shayinsa ya huce bai gama ɗaurawa ba. Kuma ’yarsa Ishbel ta faɗa masa a waya, ranar da ya kasa shirya kansa za ta kwashe shi zuwa gidanta a birnin Glasgow, can saman bene, inda ba a ganin teku.

Da ta zo ranar Asabar, sai ga ta da kilt na zamani: baƙin yadi mara nauyi, da aljihuna, da maɓallan da ake dannawa kawai.

"Gwada mana, Baba."

"Wannan ai na masu gyaran famfo ne."

Ya shiga ɗaki da zanen. In ya karɓa, ya amsa cewa ya gaza. In ya ƙi, gobe za ta tsaya a kansa tana kallon yatsunsa. Ya danna maɓallan, suka kama nan take. Haushin sauƙin abin ya kama shi.

Yana fitowa ya tarar da maƙwabcinsa Torquil a kicin, ya zo shan shayi.

"Murdo, siket ɗin wa ka aro? Aljihun nan na zuba dankali ne?"

"Na zuba haƙoranka ne in sun ƙarasa zubewa."

"Ya yi maka tsawo. Durƙusa mu gani."

Haka ake auna kilt tun kakanni: mutum ya durƙusa, bakin zanen ya ɗan shafi ƙasa. Murdo ya kai gwiwa ƙasa kafin ya yi tunani. Tsawon daidai ne. Sai dai ƙafafun sun ƙi ɗaga shi. Ishbel na riƙe da butar shayi tana kallonsa.

Torquil ya dube shi, ya matso ya cafki ƙugun zanen da hannu biyu.

"Bari in ji ko maɓallan banzan nan za su riƙe ƙato."

Ya finciko shi tsaye. Maɓallan ba su buɗe ba.

Ishbel ta daɗe tana juya cokali a kofi.

"Zan bar maka zanen, Baba, ka yi zamanka a gidanka. Kawu Torquil, ka riƙa leƙowa da safe."

"Ni? In dai akwai shayi."

Murdo ya zauna a hankali, ya cusa hannuwansa a aljihunan zanen da ya raina.