Gaba Goma Sha Takwas

Ku matso, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, can ƙauyenmu na ƙasar Buza, shekarar da ruwan sama ya ƙi.

Maigidana dogo ne. Duk rani shi ke murɗa igiyar guga, ya auna ta a ƙirjinsa, hannu biyu a buɗe har bakin yatsa. Wannan shi ne gaba. Yakan ce, "Rijiyarmu gaba goma sha takwas ce." Na riƙe maganar.

Da gero ya ƙone a gona, ya tahi cin rani Najeriya shi da ƙanensa, ya bar ni da uwarsa da awaki uku. Bai daɗe da tahiya ba igiya ta tsinke, ta bi guga. Ranar kasuwar Tabotaki na sami mai igiya, na buɗe hannuwana sau goma sha takwas, aka yanke. Na dawo, na ɗaura sabon guga, na saki. Igiya ta ƙare a hannuna, ban ji ruwa ba. Awaki na kuka bayana.

Tsohuwa ta dogaro sanda ta zo. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, da ƙirjin wa kika auna?"

Na zauna bakin rijiya. Sai na shiga ɗaki na ɗauko tsohon rawanin maigidana, na ƙulla a kan igiyar. Da shi guga ya taɓa ruwa.

Bayan shekara biyu ƙanensa ya dawo, shi kaɗai, da farin yadi. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Muna zaune, ya rasa abin faɗa mini, sai ya ce, "Yaya, kin san yadin nan sunan Ingilishi ne? Asalinsa sandar awo. Zurfin teku ma da buɗe hannu suke auna shi, kamar mu. Sai dai su sun tsayar da shi, na kowa ɗaya."

Na ce, "Hannun wa suka ɗauka?"

Ya ce, "Wa ya sani?"

Tsohuwa ta rasu kafin kaka, a yadin nan aka sa ta. Ƙanen ya koma bakin teku. Maigidana can aka binne shi, zazzaɓi ne. Rawanin ya ruɓe a jikin igiya. Ni kuwa ga ni. Jikoki na cewa rijiyar mita kaza ce, ni in an tambaye ni, goma sha takwas nake cewa.