Gishirin Gwamnati a Bakin Burtali

Har yau ban manta da Larabar da wani dattijo ya tako har gidan injin Faskari don ya yi mani godiya ba, godiyar da ta sa tuwo ya fita raina wuni guda. Ku yaran yanzu da kuke ganin aikin wuta hawa falwaya ne da kashe hula, ku matso ku ji.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan an canza kuɗi daga fam zuwa naira, lokacin da arzikin mai ke zuba, kaya na sauka daga waje kamar ba a san zafinsu ba. Ina matsayin mataimakin sufeton layi. Sama da ni akwai Injiniya Mamman, mai kula da shiyyarmu tun daga Ƙanƙara har Sabuwa. Ƙasa da ni kuma Helma Isiyaku ne da leburorinshi. Garin na samun wuta daga manyan injunan gas guda biyu da ke gefen gari, daga magariba zuwa bayan isha'i, sai a kashe. Aikin da aka ba mu shi ne mu haɗa gidan injin da babban layin da aka jawo daga wajen Funtuwa, ta cikin wata sabuwar taransifoma, don garin ya riƙa samun wuta dare da rana, injunan su koma na ko-ta-kwana.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi bayani. Kowace taransifoma ana yi mata ramin ƙasa. Rami ne mai zurfi, a kafa sandunan tagulla a ciki, a haɗa su da jikin na'urar. In tsawa ta faɗa kan layi ko wani abu ya lalace, wutar da ta ƙwace sai ta bi wayar nan ta nutse cikin ƙasa. Amma sai ƙasar na da danshi za ta karɓa. Mu kuwa inda aka dasa mu tsandauri ne, ga dutse, ga rani. Muka haƙa, na ɗora mitar gwaji, allura ta ƙi sauka. Muka ƙara zurfi, ko gezau.

Sai na yi abin da aka koya mana: a cika ramin da gawayi da gishiri, don gishiri na riƙe danshi. Da yake ba a ƙi mana komai a zamanin, ban yi ƙwauro ba. Na sa aka kwaso gishiri buhu-buhu daga kasuwa, muka danƙara, muka kwarara ruwa. Allura ta sauka inda ake so. Na sa hannu a takardar gwaji ina ji da kaina, aka aika ofis. Aka tsayar da Asabar ta sama a matsayin ranar da babban baƙo zai zo daga Kaduna ya buɗe.

Abin da ban duba ba, ni ɗan birni mai takarda, shi ne ramin nan na wajen shingen gidan injin, taku kaɗan daga burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kaka da kakanni.

Ruwan farko ya sauka, aka yi biyu a jere. Ran Larabar nan da hantsi sai ga Baba Juli, dattijon makiyaya na rugagen wajen Tafoki, da sandarshi da ƙwaryar nono a hannu. Muka gaisa har da tambayar iyali da dabbobi. Ya aje ƙwaryar a gabana, ya ce a isar mashi da godiya wurin gwamnati. Na ce godiyar mi, Baba?

Ya ce, "Gishirin da kuka zuba ma shanu mana. Tun da nike ban ga hukumar da ta tuna da dabba haka ba. Kullum la'asar nan suke tsayawa, sai mun yi da gaske suke wucewa."

Na bar ƙwaryar nan, na zagaya bayan shinge da sauri. Wallahi abin da na gani ya fi abin da na ji tsoro. Ruwa ya taso da gishirin, ya malala ya yi fari a faɗin wurin. Shanu sun lashe, sun tona da kofato har sun yi kwari, ga wayar tagulla tsirara tana ƙyalli, ga kashin shanu ko'ina.

Ku da kuka yi makaranta kun san sauran. Wutar da ta shiga ƙasa ba a wuri guda take tsayawa ba, bazuwa take yi kamar ruwan da aka zuba a tsakar gida. Saniya ƙafafunta na gaba da na baya nesa suke da juna, sai wutar ta shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa zuciya. Garke guda na iya zubewa kafin ka ce kwabo. Makiyayin da ke tsaye cikinsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ma sai wani ikon Allah. Ga damina ta kama, lokacin tsawa. Da zarar an haɗa babban layi, na gina ma mutanen nan kabari da hannuna, su kuma suna yi mani godiya.

Kowa ya ɗebo da zafi bakinshi. Na hau babur na tafi Ƙanƙara, inda Injiniya yake duba wani aiki, na faɗa mashi komai ba ɓoye-ɓoye. Na ce kuskurena ne, kuma ina so a dawo mani da takardar gwajin da na sa wa hannu.

Injiniya Mamman ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutum ne da ake taka wa wuya daga sama. Ya ce a mayar da ƙasa a rufe, a kewaye da waya mai ƙaya. Na ce ranka ya daɗe, gishirin ya riga ya bazu ya wuce inda shinge zai tsaya, kuma saniyar da ta ɗanɗana gishiri ba waya ke tare ta ba. Ya ce to a sa hakimi ya hana bin burtalin. Na ce hanyar ruwansu ke nan, ko an hana yau, jibi suna nan. Ranshi ya ɓaci. Ya ce an buga katin gayyata, an sayi ragunan walima, ba zai je ya ce wa Kaduna a dakata saboda shanu ba. A haɗa ran Asabar, a gyara daga baya.

A ƙa'idar aiki, wanda ya sa hannu a gwaji shi ke riƙe makullin kwaɗon babban makunni, shi ke rufe makunnin ranar haɗi, wato ya saki wuta ta shiga. Makullin na aljihuna. Na ciro shi na aje kan teburinshi, duk da ina da mata da ɗiya uku, kuma ban san wata sana'a ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi. In za a haɗa, a samu wani ya sa hannunshi ya haɗa. Ni dai ba da nawa ba."

Ya daɗe yana kallon makullin. Ya san ba wanda zai yarda ya ɗora sunanshi kan ramin da ya ji labarinshi, har shi kanshi. Ya turo mani abina da bayan biro, ya ce in tashi in ba shi wuri, zan ga takarda.

Na dawo na tarar da Baba Juli bai tafi ba, yana zaune da Helma Isiyaku a inuwa. Na yi mashi bayani iya yadda zai gane. Bai yarda ƙwarai ba, a ganinshi ƙasa ƙasa ce, mi zai fito daga cikinta? Amma da na tambaye shi ko ya san wurin da ba ya bushewa ko da bazara, wanda kuma shanu ba su zuwa, sai ya yi dariya ya ce wannan ai ko makaho a rugarsu ya sani. Ya kai mu gangaren fadama, bayan gidan injin, wani wuri mai laka da ke haɗiye ƙafar saniya har gwiwa. Ya ce tun yana saurayi suke kauce mashi. Na kafa sanda guda na gwada. Ba gishiri, ba gawayi, allura ta sauka fiye da yadda ta taɓa sauka a ramina. Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Nisan ya kai taku ɗari uku, kuma dole a binne waya mai rufi cikin kwalbati mai zurfi da za mu haƙa tun daga taransifoma har can. Muka fara ran Alhamis da asuba. Dutse ya ci digoginmu, laka ta ci takalmanmu. Na tuɓe riga na karɓi diga, har Helma na yi mani tsiya wai hannun biro ya ga ta kanshi. Hannuna ya yi bororo ya fashe. Ban ce kowa ya yi sauri ba, don na san gaggawa ce ta kai ni inda nake, amma ban yarda a rage zurfi ko da taƙi guda ba.

Asabar ta same mu a rabin hanya. Baƙo ya zo da jerin motoci, aka yanke ƙyalle, aka tada injuna fitilu suka kama, aka yi tafi. Da ya tambaya ko wutar babban layi ce wannan, Injiniya ya faɗa mashi gaskiya a gaban hakimi da jama'a. Ina hango su daga cikin kwalbati, laka har wuya. Ba a kira ni ba, ko ƙashin rago ban gani ba.

Ran Talata muka gama. Na cire wayar tsohon ramin gaba ɗaya, na sake gwaji, na sa hannu, na rufe makunni da bismillah. Ran Laraba takarduna suka iso, guda biyu. Ɗaya ta tuhuma, ɗaya ta canjin wurin aiki zuwa Sabuwa a ƙarshen wata, inda a lokacin ko falwaya guda ba a kafa ba. Ƙarin girman da nake sa rai ya wuce ni, sai bayan shekara huɗu na gan shi. Ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye maku ba.

Saura kwana uku in tashi, hadari ya haɗo da la'asar. Ina cikin gidan injin aka yi wata tsawa da ta girgiza kwano, wuta ta ɗauke. Da ruwa ya tsagaita na duba, tsawar ta faɗa kan layi, ta fasa kwalbar da ke riƙe waya a falwaya ta biyu. Na gangara fadama. Ciyawar da ke kewaye da sabon ramin ta babbake, laka na tururi, ga kwaɗi birjik sun yi rigingine.

Ina hawowa, sai ga Baba Juli a bakin tsohon ramin, jiƙe sharkaf, ba takalmi, yana tattara garkenshi. A nan ruwan ya same su, suna lasar sauran gishirin. Ya hango ni ya ɗaga sanda.

Ya ce, "Malam, wannan ƙarfen naku ya cika ƙara. Ya firgita mani shanu, da ƙyar na tsayar da su."

Na ce ya yi haƙuri, Baba, za a kiyaye. Ya kaɗa dabbobinshi suka bi burtali, ina tsaye ina kallo har na daina ganin su. Ban taɓa faɗa mashi abin da na gani a fadama ba, har Allah Ya karɓi abinshi.

Abin da na koya ke nan. Kafin ka haƙa rami, ka tambayi masu wurin wa ke bi ta nan, don mita ba ta san burtali ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun makulli na hannunka. Kada ku jira godiya a aikin nan. Ni godiya guda aka taɓa takowa a yi mani, a kan abin da ya kusa kashe mai yin ta. Ranar da aikina ya yi amfani kuwa, ƙorafi na samu, kuma har gobe ban ji maganar da ta kai shi daɗi ba.